Ɗan littafin Bachelard da na saya kusa da kasuwar Dole

A makon jiya na shiga wani ƙaramin shagon littattafai da ke kusa da kasuwar Dole a nan Damagaram, ina neman abin da zai taimaka wa ɗiyata wajen shirin jarrabawar bak, sai mai shagon ya zaro mini wani ɗan littafi na Faransanci a kan masanin falsafar kimiyya ɗan Faransa Gaston Bachelard, littafin da wani malamin falsafa ya tsara domin ƴan ajin ƙarshe. Jaka ɗaya da rabi na biya, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda marubucin bai raba rayuwar mutumin da tunaninsa ba. An haifi Bachelard a 1884 a Bar-sur-Aube, wani ƙaramin gari na Faransa, ya yi aikin gidan waya shekaru da dama, ya je yaƙin duniya na farko, sannan daga 1919 ya koyar da fizik da shimi a makarantar garinsu, kafin ya kai Jami'ar Dijon a 1930 da Sorbonne a 1940. Littafin ya nuna cewa a cikin aji, gaban yara, Bachelard ya gano abin da ya bayyana a wani littafinsa na 1938, wato ɗalibi ba ya zuwa da kai fanko, yana zuwa ne da sanin da ya tsinta a gida da kan hanya, kuma wannan sanin shi ne yake tare wa ilimin kimiyya hanya.

Ni da na shekara goma sha biyu ina koyar da fizik, wannan magana ta taɓa ni ƙwarai. Da safiyar hunturu na sa ɗiyata ta dafa ƙofar ƙarfe, sannan ta dafa kujerar katako da ta kwana a waje ɗaya da ita. Ta rantse ƙarfen ya fi sanyi, alhali zafinsu ɗaya ne, ƙarfen ne kawai ya fi saurin janye ɗumin tafin hannunta. Sai da ta yarda hannunta ya yaudare ta kafin bayanin ya shige ta, kuma a ranar ta karanta babin nan har sau biyu ba tare da na ce mata komai ba.

Kwafin dai yana da aibi, domin tawadar ta dushe a shafuka huɗu na tsakiya, kuma rubuce-rubucen Bachelard a kan wuta da ruwa da waƙa, waɗanda suka ɗauki babban rabo na aikinsa har rasuwarsa a Paris a 1962, layi uku kawai aka ba su. Da na koma da ƙorafin tawadar, mai shagon ya ce, "Malam, yi haƙuri," ya canza mini wani kwafin nan take, bai nemi ko dala ba.