Ƙungiyar maginan zangon Kumasi: amfaninta ga mamba da mai gida, da inda take da rauni

A zangunan Kumasi, daga Aboabo zuwa Sawaba da Asawase, yawancin gidajen da ke tashi ba kamfani ke gina su ba. Mai gida ne ke tara kuɗinsa kaɗan-kaɗan, ko ɗan'uwa ya aiko daga Jamus ko Amurka, a kira birkila a ba shi jinga, a yi harsashi bana a kai linta baɗi. Manyan kamfanonin gidaje suna da tasu ƙungiyar, GREDA, wadda aka kafa a 1988, amma ba ta da alaƙa da mai gina ɗaki huɗu da falo. Wadda ke kusa da shi ita ce ƙungiyar magina ta unguwa, mai haɗa birkiloli da kafintoci da masu ɗaure rodi da masu jan waya da masu aikin famfo, har da 'yan tsirarun masu buga bulo. Tana zama sau ɗaya a wata, kowane mamba yana da kati da kuɗin wata.

A ganinmu, ko da ba ta yin komai sai zagayen duba aiki kafin a zuba kankare, kuɗin watan ya biya. Sauran ayyukanta akwai mai kyau, akwai wanda suna kawai ya tara.

Yadda zagayen yake shi ne, mamba zai sanar kwana biyu kafin ranar zuba fila (ginshiƙi) ko dekin, sai a tura masa dattawa uku, birkila da kafinta da mai rodi. Dalili a fili yake: da zarar kankare ya rufe rodi, babu mai sake ganin kuskuren da ke ciki sai ranar da silin ya tsage. Kafinta yakan fara ne daga ƙasa. Yana duba gorar da aka tokare katako da ita, kada tazararta ta wuce ƙafa biyu zuwa uku, kuma kowace ta zauna a kan guntun katako, ba a kan tsurar ƙasa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Kumasi, garin da damina take zuwa sau biyu a shekara. Ruwan dare ɗaya ya isa ya jiƙa ƙasa, gora ta nutse da nauyin ɗanyen kankare, dekin ya yi ciki a tsakiya, kuma ba ya gyaruwa. Sai ya ɗaga kai ya dubi tsakanin allunan itacen wawa. Inda haske ya ratso, nan ruwan siminti zai tsiyaye ya bar tsakuwa tsirara, don haka a toshe da leda ko takardar buhu.

Mai rodi shi ya fi daɗewa a sama, kuma shi ya fi samun abin gyara. Abu na farko da yake nema shi ne biskit, wato 'yan ƙananan dunƙulen siminti da ake sa wa rodi a ƙasa don kada ya kwanta a kan katako. A dekin ana son kaurin kankare santimita 2 zuwa 2.5 tsakanin rodi da iska, a harsashi santimita 5. Idan babu wannan, damshi zai kai ga ƙarfe, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya ɓamɓaro kankaren. Duk silin ɗin da ka ga jan layi yana fitowa a jikinsa, ga asalin ciwonsa. Bayan nan sai haɗin rodi. Inda rodi biyu suka haɗu, ana son su hau juna tsawon kaurinsu sau 50: mai milimita 12 ya hau santimita 60, mai 16 ya hau santimita 80. Masu neman rarar ƙarfe sukan tsaya a taƙi ɗaya su ɗaure da waya. Zoben fila kuma ana sa shi kowane santimita 15 zuwa 20, a ƙara matse shi kusa da sama da ƙasa.

Inda muka fi yaba musu shi ne baranda mai leƙowa waje babu ginshiƙi a ƙarƙashinta. A irin wannan, rodin da ke riƙe nauyi a sama yake zama, ba a ƙasa ba, saboda saman ne ke jan kansa. Birkiloli da dama sun san haka, amma ranar zuba kankare leburori suna hawa da sauka da kwanon sarki a ka, su tattake rodin ya kwanta. Bayan an cire tokara sai tsaga ta bayyana daidai bakin bango. Dattawan suna dagewa a sa ƙananan kujerun ƙarfe da za su ɗaga rodin, a kuma shimfiɗa allon da za a riƙa takawa. Wannan gyaran ba ya cin ko rabin yini, amma rai yake karewa.

Matsalar ita ce zagayen a nan yake ƙarewa. Ranar zubawa babu kowa daga ƙungiya, alhali a ranar ne ake rage siminti. Awon fila da dekin shi ne 1:2:4. Buhu ɗaya mai kilo 50 yana daidai da kwanon sarki biyu, ke nan buhu ɗaya zai ci kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, da ruwa kimanin lita 25. Dekin mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, kauri santimita 15, zai ci buhu 95 zuwa 100. Mai gidan da aka ce masa buhu 65 ya isa irin wannan, ya san an tsinka. Sannan ga ruwa. Leburori suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin ɗauka da bazawa, amma duk ruwan da ya wuce kima ƙarfin kankare yake ragewa. Maganin kwaɓi mai tauri shi ne injin girgiza kankare, kuma ƙungiya tana da shi tana ba mambobi haya da rahusa, sai dai ba ta tilasta kowa ya yi amfani da shi. Har zuwa lokacin da za su fara tura mutum ranar zubawa, shawararmu ga Alhaji mai gida ita ce ya zaunar da wani nasa kusa da injin kwaɓi, ya riƙa tara buhunan da aka zazzage yana ƙirgawa.

Ban ruwa ma suna faɗa a baki ne kawai. Kankare yana bukatar danshi na aƙalla kwana 7, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai kwana 28. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska takan busar da saman dekin cikin awanni kaɗan ya yi ƙananan tsage-tsage. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan koko, ko a yi masa ɗan baki da siminti a kewaye a tara ruwa a kai. Tokara kuma kada a taɓa ta kafin kwana 21, ko da kafinta yana da wani aiki da yake son kai katakon.

Aiki na biyu da ya yi armashi shi ne sayen kaya a haɗe. Mambobi sukan haɗa kuɗi su ɗauko siminti mota guda daga babban dila, Ghacem ko Dangote ko Diamond, su raba. Ragin da ake samu a kan buhu ba shi da yawa, amfanin ya fi yawa a wajen samun sabon kaya. Simintin da ya haura wata uku a ajiye, ko wanda aka jibge a kan daɓe ba katako, yakan fara dunƙulewa, kuma wasu masu shago sukan farfasa shi su sayar. Ga mai ajiyewa, kada tsibi ya wuce buhu 10, a nisanta shi da bango. Suna kuma tunatar da mambobi bambancin lambar ƙarfin siminti: 42.5 na fila da dekin, 32.5 ya wadatar a jera bulo da shafe.

Kan rodi suna da dabara mai sauƙi. A kasuwa akwai mai milimita 11.5 har da ƙasa da haka da ake miƙa wa wanda bai sani ba a matsayin 12. A yanki mita ɗaya a ɗora a sikeli: cikakken mai 12 yana kai giram 890, mai 16 kilo 1.58. Yashi kuwa kwalba ake sa wa. A zuba shi zuwa rabi, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye awa uku. Laka za ta kwanta a saman yashin. Idan kaurinta ya kusa kashi 1 cikin 10, a mayar da motar, domin laka tana hana siminti kama yashi.

A kan bulo ne ƙungiyar ke jin nauyin faɗar gaskiya, saboda masu buga shi 'yan'uwa ne kuma mambobi. Masu aikin kirki ba sa wuce 25 zuwa 30 na inci 5 a buhu ɗaya, amma akwai masu kai 40 da ɗoriya, su kuma sayar da shi kwana biyu da bugawa, bai sha ruwa ba. Kowa a zauren ya san su wane ne. Ba a taɓa jin an hana ɗayansu kati ba. Mai saye ya gwada da kansa: ya goga ƙusa a gefen bulon, idan yana zubar da yashi ya bar shi, ya kuma saki guda ɗaya daga tsayin kafaɗa ya ga ko zai rabu biyu ko zai zama gari. Don lissafi, kowane murabba'in mita na bango yana cin bulo kimanin 10. Kuma ga cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI nan a Fumesua, ga jami'ar KNUST, duka suna da ɗakin gwajin kayan gini. Da ƙungiya za ta riƙa ɗibar bulon mambobinta tana kaiwa ko sau biyu a shekara, da maganar ta fita daga zargi ta koma hujja.

Sasanci tsakanin magini da mai gida yana tafiya daidai gwargwado. Rigimar kusan iri ɗaya ce kullum: an karɓi kafin alƙalami an tafi wani aiki, ko mai gida ya ƙara ɗaki da taga bayan an gama ciniki yana cewa duk cikin jinga ne. Dattawa sukan je wurin da awo, su auna abin da aka yi, su yanke wa kowa nasa, kuma ana jin maganarsu saboda babu mai son a ce ya raina manya a zango. Amma rabin rigingimun ba za su taso ba da akwai takarda. Shafi ɗaya ya isa: aikin da za a yi, wa zai sayi kaya, wa zai biya ruwa da leburori, da biya mataki-mataki, wato bayan harsashi, bayan linta, bayan rufi, bayan shafe, tare da riƙe wani kaso sai an miƙa aiki. A biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, don shaida ta zauna a waya. Ƙungiya ba ta da irin wannan takarda da aka buga, kuma ba mu ga abin da ya hana ba.

Taimakon juna ba shi da matsala. Suna, aure, rasuwa, jinya, ana tara gudummawa a kai da wuri, adashi kuma yana zagayawa. Abin da ya rage shi ne a tura mambobi su sabunta katin inshorar lafiya na NHIS, su kuma shiga tsarin fansho na SSNIT na masu zaman kansu, domin birkila ba ya hawa bango har tsufa.

Kariya a wurin aiki kuwa ita ce mafi rauni. Har yanzu za ka ga yaro a kan dandamalin gora a hawa na biyu da silifa, babu hular kwano, babu abin dafawa a gefe, hannunsa ya tsattsage da cin siminti. Masu yanka tayil suna shaƙar ƙura ba takunkumi. Ƙungiyar da za ta iya tara kuɗin motar siminti za ta iya sayen hula da takalmi da safar hannu a sari. Haka batun yaran da ke koyon aiki: shekara uku ko huɗu a hannun maigida, a yi walimar yaye, amma babu takardar shaida. Yaron da ya zauna jarrabawar sana'a ta gwamnati yana iya neman aiki a babban kamfani, wanda bai zauna ba sai dai ya jira a kira shi.

Kan takardu suna ba da shawara mai kyau. Yawancin filayen Kumasi na sarauta ne, don haka takardar da sarkin yanki ya bayar sai ta bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, sannan Hukumar Filaye. Izinin gini kuma daga majalisar yanki yake fitowa, ga mutanen Aboabo da Sawaba ita ce ta Asokore Mampong. Wanda ya tsallake wannan shi ke wayar gari ya ga jan fentin dakatar da aiki a bangonsa. Suna kuma gargaɗin masu sayen fili kusa da rafin Aboabo, inda ambaliya ba baƙuwa ba ce: a ɗaga daɓe sosai, a shimfiɗa baƙar leda mai kauri kafin a zuba shi don hana damshi hawa bango, idan kuma filin kan hanyar ruwa yake a haƙura da shi.

Abu ɗaya da ya kamata mai gida ya riƙe shi ne, dattawan nan gwanaye ne amma ba injiniyoyi ba ne. Ghana ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini a 2018, kuma duk bene yana bukatar zanen injiniya da ya lissafa girman fila da yawan rodi. An fi samun haɗari a gidan da aka yi wa harsashin hawa ɗaya, bayan shekaru kuɗi ya shigo aka ce a ɗora biyu. Dattawan sukan ƙi sa hannu a irin wannan, kuma sun kyauta. Sai dai mamban da aka hana yakan zagaya ya karɓi aikin, wata mai zuwa ya dawo zaure ya zauna babu wanda zai tanka masa. Don haka mai neman magini ta hanyar ƙungiya kada ya tsaya a ganin kati. Ya nemi a nuna masa gida biyu da mutumin ya gina waɗanda suka haura shekara biyar, ya duba silin da gindin bango, sannan ya sa sharaɗi tun ranar ciniki cewa ba za a zuba kankare ba sai dattawa sun zo sun gani.