Lodin kwantena: hannu, falet ko buhun jambo?

Tunda riɗi ya fara shigowa kasuwa kusan kullum sai wani ya tare ni a nan Katsina, Alhaji wai wane lodi ya fi? Ni dai abin da nake fara tambaya shi ne wane kaya gare ka, don ko dai nauyi ya tsayar da kai ko wuri ya ƙare maka. Riɗi nauyi gare shi shi ya sa ake sa mishi ƙaramar kwantena 'yar ƙafa 20, lodin da aka saba buhu 380 masu kilo 50, tan 19 kenan. Zoɓo kuwa ba nauyi sai cin wuri, shi babbar kwantena mai ƙafa 40 za ka nema.

Lodin hannu shi muka fi sani kuma wallahi in buhuna ne har yanzu ban ga wanda ya kai shi ba. 'Yan dako na shigowa da buhu a ka, mutum biyu na can ƙuryar kwantena zufa na zuba suna jerawa, wannan layi a miƙe na samanshi a gicciye kamar ginin bulo don kada ya zame a hanyar Legas, ba lungun da ake bari. Matsalarshi cin lokaci da yagewar buhu, sannan in ba ka tsayar da yaronka a ƙofa da biro da takarda ba lissafi zai rikice. Kuma ka tambayi mai sayen kayan tukuna, don a Turai saukewa da hannu tsada gare shi, wani zai ce shi sam sai falet.

Falet, wato katakon nan da ake ɗaure kaya a kai fokilif, motar nan ta ɗaga kaya, ya ɗauka, akwai sauri da tsabta, ga kayan kwali ya fi dacewa. Amma guda 10 kacal ƙafa 20 ke ci a ƙasa, ƙafa 40 kuma 20 ko 21, katakon ya cinye maka wuri ga kuɗin hayar fokilif. Kuma dole ya zama wanda aka gasa ko aka yi wa feshi mai tambarin ISPM 15, shaidar an kashe ƙwarin cikin katakon, na kafintan unguwa zai iya sa a riƙe maka kaya a ƙasar da za a kai su.

Buhun jambo mai cin tan ɗaya sai in masana'anta ce ta nema, in ba haka ba bar shi.

Abin da ya fi damuna ma danshi ne. Kaya ya bar nan a bushe ƙarau cikin hunturu, ya je tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas ya sha rima, a teku rufin ƙarfen nan ya riƙa gumi yana ɗiga kan buhunan sama har su yi fumfuna. Don Allah a shimfiɗa takarda ƙasa da bango, a rataya jakunkunan tsotse danshi, kar a yi ƙyashin wannan ɗan kuɗin. Nauyi kuma a raba shi daidai, a auna, don tun 2016 jirgi ba ya ɗaukar kwantenar da ba a tabbatar da nauyinta ba. Ka kuma tambayi farashin yin lodi a tashar tsandauri ta Funtuwa ka gwada da na kai kaya Legas a tirela.

Kafin buhun farko ya shiga, shiga ciki da kanka ka ce a rufo ƙofa, in ka hango haske ko kamar ƙofar allura ne, ce a canza maka wata.