Japan da Filifin: yadda kamfanonin lantarki da na sufuri ke tarbar mahaukaciyar guguwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wadata ce kaɗai ta sa Japan ke saurin farfaɗowa bayan mahaukaciyar guguwar teku, alhali Filifin na ɗaukar makonni ko watanni a cikin duhu. Wadata na da nata kaso, amma idan aka jera ƙasashen biyu kafaɗa da kafaɗa za a ga cewa inda suke karyewa wuri ɗaya ne, wato falwaya da itacen da ya faɗo a kanta da hanyar da ta toshe.

A Japan shiri yana farawa tun guguwa na kan teku. Kamfanonin jiragen ƙasa kan sanar da kwana guda ko fiye cewa za su dakatar da zirga-zirga, tsarin da JR West ya fara a 2014, JR East kuma ya bi sahu a yankin Tokyo a 2018. Kamfanonin lantarki suna da motoci masu ɗauke da janareto da ake kaiwa asibitoci da gidajen kula da tsofaffi. A Filifin, inda guguwa kusan 20 ke shiga yankin da hukumar yanayi ta PAGASA ke sa ido a kai duk shekara, shirin ya fi karkata ga abin da hannu zai iya: sare rassan itatuwa daga kan layi, ajiye falwayoyi da taransifoma a kusa, da kashe wuta da gangan kafin iska ta yi ƙarfi. Meralco, mai raba wuta a Manila, kan roƙi masu manyan allunan talla su naɗe tamfol ɗinsu, domin tamfol guda da iska ta yago ya faɗa kan waya ya isa ya jefa unguwa cikin duhu.

Abin da ya faru a lardin Chiba da ke gabas da Tokyo ranar 9 ga Satumba 2019 ya nuna iyakar shirin Japan. Guguwar Faxai ta kayar da manyan turakun ƙarfe biyu na layin lantarki a garin Kimitsu, ta lalata falwayoyi kusan 2,000, gidaje sama da 900,000 na kamfanin lantarki na TEPCO suka rasa wuta ana tsakiyar zafi. Ma'aikata sun fito, amma itatuwa sun rufe hanyoyin ƙauyuka, har sai da sojoji suka shiga aikin sarewa. Kamfanin ya yi alƙawarin maido da wuta cikin kwana biyu tun bai gama ganin girman ɓarnar ba, aikin kuwa ya kai kimanin mako biyu. A ganina wannan alƙawari ya cutar da mutane ƙwarai, domin wanda aka ce masa jibi ba zai kwashe tsohuwarsa zuwa wani gari ba, ba kuma zai tanadi ruwa ba, ga shi famfo ya tsaya tunda injinan tura ruwa da lantarki suke aiki. Har yanzu yawancin wayoyin Japan a sama suke. Ko a birnin Tokyo, titunan da aka binne wayoyinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Filifin ma ta ɗanɗani irin wannan. Bayan guguwar Haiyan ta 8 ga Nuwamba 2013, wadda ta ragargaza birnin Tacloban ta kashe mutum fiye da 6,000, ministan makamashi Jericho Petilla ya ce zai ajiye aiki idan wuta ba ta koma dukkan garuruwan da abin ya shafa ba zuwa 24 ga Disamba. Wasu garuruwa sun rage, ya miƙa takardar murabus, Shugaba Aquino ya ƙi karɓa. Kai wuta tsakiyar gari daban ne da kai ta kowane gida, gidaje da yawa sun jira watanni.

Bambancin da na fi ba muhimmanci yana cikin tsarin mallaka. Japan na da manyan kamfanonin yanki guda goma masu jari da kayan aiki. A Filifin kuwa, kamfanin NGCP ke riƙe da manyan layuka, yawancin larduna kuma suna hannun ƙungiyoyin gama-kai na lantarki sama da 100 a ƙarƙashin NEA, hukumar kai lantarki karkara, da yawansu ba su da ƙarfin sake kafa dubban falwayoyi su kaɗai. Mafitarsu ita ce Task Force Kapatid, kalmar kuwa na nufin ɗan'uwa: ƙungiyoyin da guguwa ba ta taɓa ba su aiko da ma'aikata da motoci, a loda su a jirgin ruwa zuwa tsibirin da ya rushe, kamar dai yadda ake kiran gayya a gonar wanda aiki ya fi ƙarfinsa. Haka aka yi a tsibiran Bohol da Siargao bayan guguwar Rai ta Disamba 2021. Wannan tsari abin yabo ne, sai dai teku na jinkirta shi, kuma sau da yawa irin falwayar da ta faɗi ake mayarwa. Dokar 2018 da ta kafa asusun gaggawa ga waɗannan ƙungiyoyi ta fara ne da peso miliyan 750, kuɗin da guguwa babba guda za ta iya cinyewa.

Japan ta fi a wajen mayar da kuskure doka. Bayan Chiba, gyaran dokar 2020 ya wajabta wa kamfanonin rarraba wuta su tsara shirin taimakon juna tun kafin bala'i, tare da hanyar raba kuɗin aikin. Haka kuma, da guguwar Hagibis ta Oktoba 2019 ta nutsar da jiragen ƙasa masu gudun tsiya na Shinkansen guda goma a ma'ajiyarsu ta Nagano har aka yi asararsu duka, sai kamfanonin suka tsara kwashe jirage zuwa tudu da zarar kogi ya fara cika.