Kwalin balikbayan: abin da yake yi wa Ba'amurken da ke zaune a Filifin, da inda yake gazawa

Ba'amurken da ya tare a Cebu, ko Dumaguete, ko Angeles, ba ya daɗewa kafin ya gane cewa akwai kayan da kasuwar garin ba ta da su: takalmi mai lamba 12 ko 13, wando mai dogayen ƙafafu, kayan aikin kafinta masu ƙarko, irin kofin da bakinsa ya saba da shi. Aiko su ta jirgin sama kan ci kuɗin da ya fi na kayan. Hanyar da 'yan Filifin mazauna waje suka daɗe suna bi ita ce kwalin balikbayan, babban kwali da ake cikawa a Amurka, a loda shi cikin kwantena, jirgin ruwa ya kai shi Manila, mota ta ƙarasa da shi har ƙofar gida. Sunan, wanda ke nufin mai komowa gida, ya samo asali daga shirin da gwamnatin shugaban Filifin Ferdinand Marcos ta ƙaddamar a 1973 don jawo 'yan ƙasar da ke waje su riƙa zuwa gida.

Babban abin yabo a wannan hidima shi ne ba a auna nauyi. Kuɗin kwali ɗaya ne, ko tawul ka cika shi da shi, ko guduma da littattafai. Girman kwalin da inda za a kai shi ne ke yanke farashi: Manila da kewayenta sun fi araha, sai sauran tsibirin Luzon, sannan tsibiran Visayas da Mindanao. Babban kwalin da aka fi amfani da shi yakan kai inci 24 a tsawo, 18 a faɗi, 24 a tsaye, kodayake kowane kamfani yana da nasa awon, kuma da yawa ba sa karɓar kwalin da ba nasu ba. Kamfanoni irin su LBC, Forex Cargo da Atlas Shippers sun daɗe a harkar. Wakili ne ke kawo kwalin gida babu komai a ciki, ya dawo ya ɗauka idan an cika. A garuruwan da 'yan Filifin suke da yawa, kamar Los Angeles da Daly City, ana iya kai shi kanti kai tsaye.

Sai dai hidima ce ta mai haƙuri. Daga gaɓar Kalifoniya zuwa Manila a sa ran wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga gabashin Amurka, ko zuwa wani tsibiri mai nisa, wata uku ba abin mamaki ba ne. Lissafin ma ba ya farawa ranar da wakili ya ɗauki kwalin, sai ranar da kwantenar ta cika ta bar tashar jiragen ruwa, kuma a nan ƙananan kamfanoni ke ɓata lokaci. Daga Yuni zuwa Nuwamba guguwar teku kan tsayar da jiragen da ke tsallakawa tsakanin tsibirai. Wanda yake son kayansa su iso kafin Kirsimeti ya tura su cikin Satumba, domin daga Oktoba tashar Manila takan cushe.

Inda baƙi suka fi ruɗewa shi ne haraji. Dokar kwastan ta 2016, mai lamba 10863, ta yafe haraji a kan kwalayen balikbayan har sau uku a shekara, muddin jimillar darajar kayan ba ta wuce peso 150,000 ba. Amma wannan rangwame na ɗan Filifin ne da ke waje, mai aika wa iyalinsa ko danginsa kayan amfanin gida. Idan ƙanen Ba'amurke ne ya aiko masa daga Ohio, ba ya cikin wannan rukuni. Abin da ya shafe shi shi ne ƙa'idar kowa da kowa: kayan da ba su wuce peso 10,000 ba babu haraji a kansu, waɗanda suka wuce kuwa ana iya ɗora musu kuɗin fito da harajin VAT na kashi 12 cikin ɗari. Don haka kafin a biya, a tambayi kamfanin a rubuce ko farashinsa ya haɗa da kuɗin kwastan. A cike takardar jerin kaya da gaskiya, abu-abu, da adadi da ƙiyasin kuɗi. Rubuta "kayan gida" kawai gayyatar bincike ce. Haka nan turare kwalba ashirin iri ɗaya, ko takalma dozin biyu, jami'i zai ɗauke su kayan sayarwa ne.

Batun buɗe kwali ya taɓa tayar da ƙura. A watan Agustan 2015 shugaban kwastan na lokacin, Alberto Lina, ya sanar da shirin buɗe kwalaye ba zaɓe, ma'aikatan Filifin da ke ƙasashen waje suka yi ca, har Shugaba Benigno Aquino ya dakatar da shirin, ya ce a yi amfani da na'urar haska kaya da karnuka, kada a buɗe sai an ga abin zargi. Makamai, harsasai, miyagun ƙwayoyi, tsabar kuɗi da abinci mai ruɓewa ba sa shiga. Yawancin kamfanoni kuma suna ƙin gwangwanin feshi da batirin litiyam saboda gobara. Abu ɗaya haramtacce a kwalin mutum ɗaya yana iya tsayar da kwantenar mutum ɗari.

Hatsari mafi muni, a ganina, ba daga kwastan yake zuwa ba, daga arahar banza yake zuwa. Kamfanin da ke tara kwalaye a waje yana da abokin hulɗa a Manila wanda zai fitar da kwantenar ya rarraba. Idan na wajen ya karɓi kuɗin jama'a bai biya na cikin ba, kwantenar takan zauna a tashar wata da watanni, kuɗin ajiya na hawa, har a ayyana ta a matsayin wadda aka yi watsi da ita. Hakan ya sha faruwa, hukumar kwastan da kanta ta riƙa raba irin waɗannan kwalaye ga masu su. Rigakafin ba wuya. Ma'aikatar ciniki da masana'antu ta Filifin, DTI, tana wallafa sunayen kamfanonin da ta tantance. A duba sunan abokin hulɗar na Manila a ciki. A ɓangaren Amurka kuma a nemi lasisin hukumar sufurin teku ta tarayya, FMC. Wakilin da farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, a bar masa kwalinsa.

Shirya kwalin shi ma sana'a ce. Kwantena tana yin zafi ƙwarai a kan teku, kuma ana jibga kwalaye kan juna. A fara liƙe gindin da salatif mai faɗi, ninki uku ko huɗu, tsaye da kwance. Gwangwanaye da ƙarafa a ƙasa, tufafi a gefe da sama su zama matashi. Duk abu mai ruwa, man wanke gashi ne ko miya ta kwalba, a naɗe murfinsa da salatif, a sa shi cikin leda mai zik, a tsayar da shi. Sabulu da garin wanki su yi nesa da abinci, in ba haka ba bayan wata biyu biskit da shayi duk ƙamshin sabulu za su yi. Cakulan yakan narke ya sake daskarewa. Kada a bar gurbi ko kaɗan, domin kwalin da ke da rami a ciki shi ne ke lotsewa. Kuma ko da yake ba a auna nauyi, kwalin da mutum biyu ba za su iya ɗagawa ba jansa za a yi a ƙasa, gindinsa ya yage. Inshorar da ke cikin farashi kaɗan ce, saboda haka kwamfuta da kayan ado ba wurinsu ba ne.

Kayan lantarki suna buƙatar a tsaya a kansu. Wutar Amurka bolt 120 ce, ta Filifin 220, amma bakin soket ɗin iri ɗaya ne, filogin Amurka yana shiga daram. Shigarsa ke nan injin niƙa ko injin huda katako ya ƙone. A karanta rubutun da ke jikin kowace na'ura: idan an rubuta 100 zuwa 240, babu damuwa. Idan 120 kaɗai ne, sai da taransifoma, kuma mai ƙarfin da ya ninka abin da na'urar ke ja idan tana da inji mai juyawa a ciki. A naɗa jan salatif a filogin don kowa a gidan ya gane. Na'urorin dumama abu, irin su tukunyar kofi da dutsen guga, ba su cancanci wahalar ba, gara a saya a can.

Haka ma kayan abinci da yawa. Kantunan S&R da Landers na Filifin suna sayar da man gyaɗa, hatsin karin kumallo da sabulan Amurka, kasuwannin intanet na Lazada da Shopee kuma sun rage buƙatar jiran jirgi. Gurbin kwali ya fi dacewa da abin da babu shi sam, ko wanda kuɗinsa ya ninka a can.

A rubuta adireshi a gefe uku na kwalin, da sunan barangay, wato unguwa, da purok, wato sashen unguwa, idan ƙauye ne, da wata alama kamar coci ko makaranta, da lambar waya biyu masu aiki, domin direba kira yake yi kafin ya iso. Ranar da ya iso a duba salatif ɗin a gabansa, a ɗauki hoto kafin a sa hannu. Kuma a san cewa a unguwar Filifin kwalin balikbayan ba ya shiga gida a ɓoye. Surukai, 'ya'yan maƙwabta da mai aikin gida duk suna sa ran pasalubong, tsarabarsu ke nan. Mai shirya kwali ya ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu don wannan: gwangwanin naman sa, man goge baki, tawul, alewa da kofi, a ɗaure su daban a saman kwalin yadda za a fara cin karo da su idan an buɗe.