Sayen atamfa a shagon intanet: yadda na ga kwandonsu da wurin biyan kuɗi

Shagon na wata 'yar kasuwa ne da ke saro kaya a Kantin Kwari. Ta buɗe shafi inda za ki zaɓi atamfa, leshi ko shadda ki biya nan take, ba sai kin bi ta WhatsApp kina jiran a ce miki "akwai" ko "ya ƙare" ba. Daga nan Zariya na yi sayayyar kayan Sallah a wurinta. Kayan sun iso lafiya, amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne hanyar da ake bi daga zaɓen kaya zuwa biyan kuɗi, don a nan yawancin shagunanmu na intanet suke korar mai saye.

Kwandon kansa, wato inda kayan da kika zaɓa suke taruwa kafin ki biya, ba shi da hayaniya. Kowane kaya da ɗan hotonsa, an rubuta turmi ɗaya yadi shida, ga kuɗinsa a gefe. Maɓallin ƙarawa da ragewa yana da girman da babban yatsa zai taɓa ba tare da ya goge wani abu ba. Ina tsakiyar zaɓe sabis ya ɗauke, da ya dawo na tarar da kayana suna nan yadda na bar su. Ba su kuma tilasta mini buɗe asusu da ƙirƙirar kalmar sirri ba, sunana da lambar wayata kawai suka nema.

Kuɗin kawowa yana fitowa da zarar kin zaɓi garinku, tun kina cikin kwando. Wannan ya kwantar mini da rai ƙwarai. Babu abin da ke ɓata ciniki kamar ki gama lissafi, ki zo biya ki ga an ɗora wani kuɗin da ba a faɗa ba, tamkar tela ya ƙara farashi ranar karɓar ɗinki. Sun ba da zaɓi biyu: a kawo har gida, ko a saka a mota ki karɓa a tasha, wanda ya fi araha.

Wurin rubuta adireshi ne ya nuna mini wanda ya tsara shafin ya san mu. Shafuka da yawa kwafin na Turai da Amurka ne, sai su dage sai kin saka lambar gidan waya. Gaskiya ne hukumar gidan waya ta NIPOST na da lambobi shida-shida na kowane yanki, amma mutum nawa ne a unguwarmu ya san tasa? Nan jiha suka tambaya, gari, unguwa, sai babban fili na kwatance. Na rubuta "bayan masallacin Juma'a, gida mai koren ƙyaure kusa da mai cajin waya", kuma da wannan mai babur ya zo ƙofar gida, kira ɗaya ya yi.

Biyan kuɗin ta Paystack yake bi, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, Stripe na Amurka ya saye shi a 2020. Akwai kati, akwai USSD, wato danna lambobin banki a waya, ga wanda ba shi da data, akwai taransifa. Ni taransifa na zaɓa, don tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 hannunmu ya saba da ita, har mai shayi da mai kayan miya suna da OPay ko Moniepoint. Shafin ya ba ni lambar asusu ta wucin gadi da ainihin kuɗin da zan tura. Na tura, na dawo, ya nuna an karɓa da kansa, rasit ya shigo. Babu tura hoton alat, babu mai kaya tana cewa bai shigo ba tukuna, ita ma ta huta da fargabar alat na bogi.

Sai dai akwai gyara. Wani leshi ruwan zuma ya shiga kwandona lami lafiya, sai a matakin ƙarshe aka ce ya ƙare. Ya kamata a faɗa tun a kan hotonsa. Na biyu ya fi damuna: komai da Turanci yake. Da na rubuta lambar wayata da tazara a tsakani, jan rubutu kawai ya fito, bai ce ga abin da zan gyara ba. Yayata, wadda ta fi ni sayen zannuwa nesa ba kusa ba, da ta kai nan za ta rufe shafin ta koma kiran waya. Kusan duk masu sayen wannan kaya Hausa suke ji, kuma kalmomin da ake buƙata ba su da yawa: saka a kwando, cire, biya, an karɓa.

Na rubuta wa mai shagon waɗannan biyun, ta ce za ta yi magana da wanda ya haɗa mata shafin. Shaddar maigida ta Babbar Sallah a wurinta zan saya, a tasha zan karɓa.