Asibitin kunnen da na kai ƙanwata a Katsina, abin da na gani

Jama'a assalamu alaikum. Tunda mutane sun dame ni da tambaya a waya kan inda muka kai ƙanwata, bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. Asibiti ne mai zaman kanshi a cikin garin nan, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke zama, sunan dai ba zan sa ba, wanda ke so ya same ni ta inbos.

Kusan shekara 2 ke nan jin kunnen yarinyar nan na hagu yana ta raguwa, ba ciwo ba ruwa ba wari, kawai in ka yi mata magana ta wannan ɓangaren sai ta ce "Yaya mi ka ce?" har a gida aka fara cewa raini ne. Man zaitun mun ɗiga, maganin kemis mun ɗiga kala-kala, an wanke kunnen sau biyu wai dauɗa ce. Shiru.

Abin da ya fara burge ni da likitan nan, bai yi saurin ɗaukar biro ba. Ya leƙa kunnen da ƴar fitila ya ce dodon kunnen lafiya lau, ba huji, amma kamar yana hango wani farin abu a bayanshi. Sai ya ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu ya buga ya ɗora mata a tsakiyar goshi, ya ce Malama ta ina kika fi ji? ta ce ta hagu, wato kunnen da ba ya ji ɗin! Ni na ɗauka ta ruɗe ne, ya ce a'a daidai ne, hakan na nuna jijiyar ji tana aiki, hanyar da sauti ke bi ce aka tare. Gwajin ji na na'ura da aka yi mata a wani ɗan ɗaki da abin sawa a kunne shi ma haka ya nuna.

Da muka dawo da hoton siti sikan, wato hoton na'ura mai nuna cikin kunnen, ya zaunar da mu ya zana mana a takarda, wallahi ban taɓa sanin abin da ke cikin kunnena ba sai ranar. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan ɗaki mai iska, ciki ƙasusuwa 3 ne ƙanana a jere, ɗaya kamar guduma, ɗaya kamar uwar maƙera, na ukun kamar likkafar doki, shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin mutum, wajen milimita 3 kacal. Sauti ya kaɗa dodon, dodon ya kaɗa su, su kuma su miƙa ma wani abu can ciki mai siffar dodon koɗi. To ita wani ƙarin ƙashi ne ya tsiro a ɗakin ya tokare su suka daina motsi yadda ya kamata. Ostiyoma ya kira shi. Da na ji kalmar ƙari gabana ya faɗi, ya lura, nan take ya ce ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa, a hankali yake girma, kuma an fi ganinshi a ramin kunne na waje, na cikin tsakiya irin nata ba kasafai ake samu ba. Ya ce da ƙarin bai shafi jinta ba da sai a bar shi ana dubawa lokaci-lokaci.

Kuma bai yi mana ƙaryar zai iya komai ba. Ya ce aikin na madubin likita ne mai ƙara girma, jijiyar da ke motsa fuska ta nan kusa take wucewa, don haka gara a yi inda suka saba, ya rubuta mana takarda zuwa cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna. Wannan gaskiyar ta fi min komai.

Inda suka gaza kuwa ba zan ɓoye ba. Likitan kwana biyu kawai yake zama a sati, mun zo ƙarfe 9 ba mu shiga ba sai bayan azahar, benci biyu ne mutane na tsaye da yara a hannu, ga zafi fanka ɗaya. Ba su da injin sikan, sai da muka je wani wuri muka sake biya, kuma ba wanda ya faɗa mana tun farko mu yi shirin kuɗin. Matar da ke kati ma ta rage faɗa don Allah, rabin masu zuwa nan ba sa ji sosai, in mutum ya ce a maimaita ba gardama yake ba.

Duk da haka zan sake kai wani nawa can. Wanda zai je ya fita da wuri, ya ɗauki duk magungunan da ya taɓa ɗigawa ya nuna. Mu dai bayan sallah za mu tafi Kaduna in sha Allah, ku sa ta a addu'a.