jsonb na PostgreSQL: inda ya burge ni da inda ya gaza

Manhajar da nake kula da ita ta fom ce. Kowane kwastoma shi yake tsara tambayoyinsa, wasu ma da ƙananan tambayoyi a ƙarƙashinsu, don haka ba yadda za a yi in buɗe wa kowace tambaya ginshiƙi a tebur. Amsar mutum gaba ɗaya nake zubawa a ginshiƙi guda na jsonb, wani nau'in ginshiƙi a rumbun adana bayanai na PostgreSQL.

PostgreSQL ya fara kawo json, tsarin rubuta bayanai a matsayin maɓalli (sunan abu) da ƙimarsa, a siga ta 9.2 a 2012, amma wancan rubutu ne zalla, duk tambayar da ka yi masa sai ya sake karanta shi daga farko. Shi kuwa jsonb da ya zo da 9.4 a 2014, a warware yake ajiye bayanan. Ka ɗora masa indes na GIN mai hanzarta bincike, ka nemi duk layin da ke ɗauke da wata amsa da alamar @>, kafin ƙiftawar ido ya kawo. A nan kam ba ni da ƙorafi. Masu gina manhaja da Django ma JSONField ɗinsa ya ɗauke musu wahalar.

Sai dai jsonb yana taɓa abin da ka ba shi. Jerin maɓallai ba ya dawowa yadda ka shigar, kuma in maɓalli ya maimaitu, na ƙarshe kaɗai yake riƙewa.

Babban ciwon kan yana wajen gyara. Ko kalma ɗaya ka canza da umarnin jsonb_set, duk takardar amsar ake sake rubutawa. In ta haura kusan kilobayit 2, TOAST, tsarin PostgreSQL na ajiye manyan bayanai, yakan matse ta ko ya kai ta wani tebur na gefe, kowane ɗan gyara kuma sai an kwaso ta an mayar. Fom ɗin da ake adanawa duk bayan tambaya ɗaya, nan take za ka ji nauyin. Ga shi ba ka iya ɗaura abin da ke cikinta da wani tebur yadda rumbun zai tsare maka alaƙar. Ka goge kwastoma, lambarsa tana nan kwance a ciki, ba mai ce maka uffan. Mai tsara bincike na PostgreSQL ma bai san yawan kowace ƙima da ke ciki ba, kintace yake yi, wani sa'in ya bi doguwar hanya.

Shi ya sa lambar kwastoma, ranar cikewa da matsayin fom kowanne na ba shi ginshiƙinsa. Amsoshin, da ba a cika taɓawa bayan an aiko ba, su na bar wa jsonb.